Herbert Macaulay: jikan bishop da ya tsaya wa masu ƙasa a Legas

A ranar 7 ga watan Mayun 1946 Herbert Macaulay ya rasu a Legas yana da shekara 81, ba da jimawa ba bayan an komo da shi daga Kano, inda ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar wani rangadin siyasa. A makarantu ana koya wa yara cewa shi ne uban masu kishin Najeriya, hotonsa kuma ya daɗe a jikin naira ɗaya. Amma duk wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai tarar da mutumin da kusan dukkan faɗansa a kan tsibiri guda ya yi shi, cikin unguwannin da ya tashi, kuma a kan tambayoyi biyu: wa ke da ƙasa, wa kuma ke da ikon naɗa sarki ko tuɓe shi. Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya, daga bakin teku har bakin hamada, sai a shekaru biyu na ƙarshen ransa ya fuskance ta sosai.

Gidan da ya fito gida ne na masu share fage. Kakansa na wajen uwa shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama yana yaro a garin Osogun na ƙasar Yarbawa a 1821, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya faɗa jirgin bayi na 'yan Fotugal. Jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke bayin a Saliyo. A can ya shiga addinin Kirista, ya yi karatu, ya kasance cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay. A 1841 yana cikin ayarin da Ingila ta tura ya bi kogin Kwara, tare da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Crowther ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya yi rubutu a kan harshen Nufe, ya yi hulɗa da Etsu Masaba na Bida. A 1864 aka naɗa shi bishop a babban cocin Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗariƙar Angilika.

Mahaifin Herbert kuwa, Thomas Babington Macaulay, haifaffen Saliyo ne, ɗan Yarbawan da aka ƙwato daga jiragen bayi. Limamin coci ne, shi ya auri Abigail 'yar Crowther. A watan Yunin 1859 ya buɗe makarantar CMS Grammar School a Legas da ɗalibai shida. Ita ce makarantar sakandare mafi tsufa a Najeriya, tana nan har yau a unguwar Bariga. Irin waɗannan iyalai da suka komo daga Saliyo su mutanen Legas ke kira Saro. Suna da sunayen Turawa, suna sa kwat, suna jin Ingilishi, daga cikinsu gwamnati ke samun akawu da malaman makaranta, daga cikinsu likitoci da lauyoyin farko suka fito. Yawancinsu sun zauna a Olowogbowo. Can ɗaya gefen, a Isale Eko, akwai 'yan asalin gari: fadar Oba, hakimai masu farar hula, masunta, matan kasuwa, da ɗimbin Musulmi. Tsakanin unguwannin biyu ba nisa a ƙafa, amma a zuciya akwai tazara, domin Saro da dama kallon marasa wayewa suke yi wa 'yan gari, su kuma 'yan gari na kallon su a matsayin yaran Bature.

A cikin wannan gari aka haifi Herbert a ranar 14 ga Nuwamban 1864, shekarar da kakansa ya zama bishop, shekara uku bayan Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa Legas ga Ingila a watan Agustan 1861. Wannan takarda za ta yi ta komowa cikin rayuwarsa. Mahaifinsa ya rasu a 1878 yana da shekara 13. Ya gama makarantar da uban ya kafa, ya shiga aikin gwamnati a 1881 a matsayin akawu a ma'aikatar ayyuka. A 1890 gwamnati ta biya masa kuɗin karatu zuwa Plymouth a Ingila, inda ya koyi aikin injiniya da awon ƙasa, ya kuma ƙware a kiɗan gogen Turawa. Ya komo a 1893 aka ba shi aikin awon filayen gwamnati.

Zuwa nan babu abin da ya bambanta shi da sauran 'ya'yan Saro masu rabo. Abin da ya juya akalarsa shi ne ajiye aikin da ya yi a 1898. Masoyansa sun ce wariya ce ta kore shi, domin Bature mai irin takardarsa ya fi shi albashi da daraja. Abokan hamayyarsa sun ce an zarge shi ne da haɗa aikin gwamnati da na kansa. Ko ma wanne ne, ya buɗe ofishin awon ƙasa nasa na kansa, kuma wannan sana'a ce mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Mai awon ƙasa yana shiga gida-gida. Yana sanin filin wane ya tsaya ina, wane dangi ya gaji wace fadama, wace takarda gwamnati ta riƙe, wacce kuma ba ta da ita. Da sarƙar awo a hannu ɗan mishan ɗin ya shiga Isale Eko, ya san hakimanta da limamanta da shugabannin kasuwanninta, ya kuma san dokar Bature fiye da yadda suka san ta. A shekarar ce kuma ya auri Caroline Pratt, wadda ta rasu a 1899. Bai sake ɗaura aure a coci ba, ko da yake ya haifi 'ya'ya daga baya.

Rigimar farko da ta fito da sunansa ita ce ta kuɗin ruwa. A 1908 gwamnatin Gwamna Walter Egerton ta shirya kawo ruwan famfo daga Iju, ta ce mutanen gari za su biya. 'Yan gari suka ce rijiyoyinsu sun ishe su, ruwan kuma unguwar Turawa zai fi amfana. Oba na lokacin, Eshugbayi, wanda ake kira Eleko, ya bi bayan talakawansa. Rigimar ta ɗauki shekaru, har ta tsaga jama'ar babban masallacin Legas gida biyu, tsakanin ɓangaren limamin da ke ɗasawa da gwamnati da ɓangaren jama'ar da suka juya masa baya. Macaulay, jikan bishop, da waɗannan na biyun ya tsaya, kuma Musulmin Legas sun kasance cikin ƙashin bayan siyasarsa har ya mutu.

A 1913 ya gamu da abin da ya bi shi har kabari. Kotu ta same shi da laifin taɓa dukiyar wata mata da ta rasu ta bar masa amanar wasiyyarta, aka ɗaure shi shekara biyu. Magoya bayansa sun ɗauki shari'ar a matsayin bi-ta-da-ƙulli, musamman da yake ta zo daidai lokacin da ake jayayya da gwamnati a kan dokokin ƙasa. Masana tarihi har yau ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne sakamakon: hukuncin ya haramta masa tsayawa takara. Mutumin da ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya bai taɓa zama a majalisa ko da yini ɗaya ba. Kuma a ranar 1 ga Janairun 1914, da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, wanda daga baya za a kira uban kishin ƙasar yana cikin wa'adin ɗaurinsa.

Babban aikinsa, wanda ya fi kowane jawabi da ya taɓa yi nauyi, shari'ar filin Apapa ce. A al'adar Legas ba Oba ke da ƙasa ba. Ƙasa tana hannun wani rukuni na hakimai masu farar hula da ake kira Idejo, kowanne yana riƙe da ita a madadin danginsa. A 1913 gwamnati ta karɓe wani yanki na Apapa, inda babbar tashar jiragen ruwa take a yau, wanda ke ƙarƙashin Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa. Kotunan Legas suka ce tun da Dosunmu ya miƙa gari a 1861, ƙasar ta Sarkin Ingila ce, abin da Oluwa ke da shi bai wuce ikon kula da ita da karɓar ɗan galla ba, don haka diyyarsa kaɗan ce. Da wannan hukunci ya tabbata, da kowane dangi a Legas ya zama ɗan haya a filin kakanninsa.

A 1920 Oluwa ya ɗauki ƙarar zuwa Landan, gaban Privy Council, wato kotun ƙoli ta duk ƙasashen da Ingila ke mulka. Macaulay ya raka shi a matsayin sakatare da tafinta, shi ne kuma ya san tarihin filayen da takardunsu. A watan Yulin 1921 Lord Haldane ya karanta hukunci. Kotun ta ce takardar 1861 mulki ta miƙa, ba ta ƙwace wa mazauna ƙasa haƙƙin da suka gada ba. Ta ce ƙasar ta al'umma ce, hakimi wakilinsu ne, sai a biya cikakkiyar diyya ta hannunsa a raba wa masu haƙƙi. Ta kuma gargaɗi alƙalai da su daina auna mallakar ƙasa ta sauran al'ummu da mudun dokar Ingila. A ƙarshe aka biya fam 22,500. Hukuncin ya wuce Legas nesa ba kusa ba: kotunan Kanada sun kafa hujja da shi a shari'o'in 'yan asalin ƙasarsu, haka ma babbar kotun Ostireliya a shari'ar Mabo ta 1992, shekara 71 bayan yanke shi.

Sai dai tafiyar da ta kawo wannan nasara ita ta jawo wa Eleko masifa. Macaulay ya tafi Landan ɗauke da sandar sarauta mai kan azurfa wadda Ingila ta bai wa Oba Akitoye a tsakiyar ƙarni na 19. A can ya yi hira da jaridar Daily Mail, aka buga maganganun da suka nuna Eleko a matsayin sarkin miliyoyin mutanen Najeriya, wanda gwamnati ke biya abin da bai taka kara ya karya ba. Maganar ta zarce gaskiya, domin ikon Eleko bai ƙetare Legas ba, balle ya kai ga sarakunan Oyo ko Benin ko na Arewa. Gwamna Hugh Clifford ya nemi Eleko ya tura masu shela da ƙararrawa su zagaya gari su ƙaryata Macaulay. Eleko ya ƙi. Gwamnati ta yanke masa albashi, ta janye amincewarta da shi, a 1925 kuma ta tuɓe shi ta kai shi Oyo. Matan kasuwa da hakimai suka riƙa tara masa abin masarufi, lauyoyi suka yi ta kai ƙara Landan suna komowa, Macaulay yana hura wutar a jarida. Sai a 1931 Gwamna Donald Cameron ya bar shi ya koma gida, inda aka tarbe shi da gagarumin biki. Ya rasu a shekarar da ta biyo. An yi nasara, amma ba za a ɓoye ba cewa bakin Macaulay ne ya fara jefa tsohon cikin wannan wahala ta shekara goma sha ɗaya.

A tsakiyar wannan rikici ne tsarin mulkin Clifford na 1922 ya kawo zaɓe karo na farko. Kujeru huɗu kacal aka ware a majalisar dokoki, uku na Legas, ɗaya na Kalaba, kuma mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Majalisar ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ke yi da kansa. A ranar 24 ga Yunin 1923 Macaulay ya kafa jam'iyyar NNDP, ta cinye kujerun Legas uku a zaɓen 1923 da na 1928 da na 1933. Shi da ba shi da damar takara ya zama mai naɗa 'yan takara. Abin lura shi ne yawancin masu ɗauke da jam'iyyar ba su da ƙuri'a. Matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi da ba ta yi boko ba, su ne masu cika taro, masu ba da gudummawa, masu rufe kasuwa in ta kama. Sunan jam'iyyar na ƙasa ne, amma ƙarfinta bai wuce Legas ba.

Gidansa, Kirsten Hall, ya zama wata fada ta biyu. Nan ake kawo ƙarar fili, nan ake rubuta takardun koke, nan ake kiɗa da dare. Yana da masu kawo masa labari har daga cikin ofisoshin gwamnati, ta yadda takardar sirri kan iso hannunsa tun ba ta kai inda aka aike ta ba. Turanci ya ba shi laƙabin matsafin Kirsten Hall, Yarbanci kuma ya kira shi Ejo Ngboro, wato macijin da ke yawo a tsakiyar gari. Farar kwat, baƙin laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi, da gashin baki mai ƙaho biyu, da su aka san shi. A 1927 shi da Dakta John Caulcrick suka sayi jaridar Lagos Daily News. Alƙalaminsa ba ya tausayi, kuma ba Turawa kaɗai yake sara ba. Henry Carr, ɗan Saro ɗan'uwansa, masanin ilimi da ya kai babban muƙami a gwamnatin Legas, ya sha suka a hannunsa har da ƙasida sukutum da ke neman a kore shi. A 1928 jaridar ta buga jita-jitar cewa ana shirin tarwatsa motar da za ta komo da Eleko, aka sake ɗaure Macaulay wata shida yana da shekara 63.

Bayan komowar Eleko wutar ta lafa, jam'iyyar ta fara sabawa da gwamnati, matasan da suka yi karatu kuma suka gaji da siyasar gidan sarautar Dosunmu. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1934 ta koma NYM a 1936, ta kayar da NNDP a kujeru ukun a zaɓen 1938. Mutane da dama sun ɗauka tsohon ya gama yayinsa.

Rabuwar kan NYM a 1941 da Yaƙin Duniya na Biyu suka sake buɗe masa ƙofa. A ranar 26 ga Agustan 1944, a wani taro da ƙungiyar ɗalibai ta kira a zauren Glover a Legas, aka kafa NCNC. Aka zaɓi Macaulay shugaba, Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot, wanda ya girme da shekara 40, ya zama babban sakatare. Kowa ya kawo abin da ɗaya ba shi da shi: tsoho ya kawo suna da kasuwannin Legas, saurayi ya kawo jaridu da ƙungiyoyin ƙabilu da ke warwatse a faɗin ƙasa. A 1945 Gwamna Arthur Richards ya gabatar da sabon tsarin mulki ba tare da shawartar jama'a ba, tsarin da ya kawo Arewa cikin majalisa ɗaya da Kudu karo na farko. Tare da shi aka zartar da dokoki huɗu da 'yan kishin ƙasa suka tsana: ta ma'adinai, ta filayen gwamnati, ta karɓe fili don amfanin jama'a, da ta naɗa sarakuna da tuɓe su. Ƙasa da sarauta ke nan, abubuwan da ya yi shekara arba'in yana faɗa a kansu a Legas, yanzu sun zama maganar Najeriya duka.

NCNC ta yanke shawarar zagaya ƙasa ta nemi goyon baya da kuɗin tura wakilai Landan. A watan Afrilun 1946 ayarin ya tashi, da Michael Imoudu, jagoran babban yajin aikin 1945, a cikinsa. Macaulay ya bi su duk da shekarunsa da wahalar tafiya a wancan zamani. A Arewa ta lokacin, inda En'e ke riƙe da komai, masu sauraron irin wannan ayari galibi mazauna Sabon Gari ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan boko ƙalilan. A Kano jikinsa ya gaza. Aka mayar da shi Legas, can ya cika. An binne shi a maƙabartar Ikoyi a ranar 11 ga Mayu, kasuwanni a rufe, Azikiwe ya yi jawabin bankwana a gaban taron da Legas ta daɗe ba ta ga irinsa ba.

Ayarin ya koma kan hanya ƙarƙashin Azikiwe, ya tara kimanin fam 13,000. A 1947 wakilai bakwai suka tafi Landan, cikinsu da Funmilayo Ransome-Kuti daga Abekuta da Malam Bukar Dipcharima daga Borno. Sakataren kula da ƙasashen mulkin mallaka, Arthur Creech Jones, ya saurare su, ya ce su koma gida su gwada tsarin tukuna. Tsarin bai kai wa'adin da aka ɗibar masa ba, a 1951 aka maye gurbinsa da na Macpherson. A 1979 Babban Bankin Najeriya ya sa hoton Macaulay a takardar naira ɗaya, na Abubakar Tafawa Balewa a naira biyar, na Alvan Ikoku a naira goma, daga 1991 kuma naira ɗayar ta koma ta ƙarfe. Akwai babban titi da sunansa a Yaba, akwai wani a tsakiyar Abuja. Tarin takardunsa, da wasiƙu da kofen koke-koken da ya rubuta wa hakimai da matan kasuwa, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan.